Waken Mendel ko sikila: da wanne za a buɗe wa 'yan SS3 darasin gado?

Wata malama sabuwar ɗauka da aka turo mana bana ta same ni a ofishin malamai ina fama da makin takardu, ta ce Malam an ɗora min bayoloji na SS3 kuma ga darasin gado ya taho, littafi ya fara da Mendel da wakensa, amma malaminsu na kwaleji ya ce musu su bar wannan tsohon labarin su fara da sikila tunda shi yaranmu suka sani, to wanne za ta ɗauka? Na ce Malama samu waje ki zauna, wannan ba maganar tsaye ba ce. Ko rabi ban kai ba aka kaɗa ƙararrawa ta tashi ta tafi aji, shi ya sa na ce bari in rubuta sauran, ƙila akwai wasu irinta.

Duka biyun na gwada, kowanne na yi shekaru a kai, kuma kowanne ya taɓa kunyata ni. Abin da ya sa zaɓin yake da nauyi shi ne yadda manhajar take, ikoloji wato ilimin muhalli ana yinsa tun SS1 da SS2, kafin yaro ya shigo SS3 ya manta da shi tas, sai a kawo masa gado, wato yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye, da sauyin halittu, wato ibolushon, a ƙurarren lokaci ga WAEC tana leƙowa a watan Mayu, ga firiyod ɗin minti 40 ne wanda goma daga ciki ke tafiya wajen neman alli da tsawatar wa na baya. Misalin da ka buɗe da shi, shi zai sa yaro ya ga abubuwa ukun nan a matsayin labari ɗaya ko kuma ya haddace su daban-daban ya zubar a ƙofar zauren jarrabawa.

Mu fara da Mendel tunda shi ne babba. Bawan Allahn nan ɗan coci ne a garin Brno da ke ƙasar Cek a yanzu, ya yi wajen shekara takwas daga 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren tsirrai a lambu, kusan 28,000, ya buga sakamakon a 1866 babu wanda ya kula, sai a 1900 bayan ya rasu da shekara 16 aka tono aikin. Abin da nake so da shi, ya zaɓi siffofi bakwai da ba su da tsaka-tsaki, ko dogo ko gajere, ko ƙwaya mai santsi ko mai tamoji, ko rawaya ko kore, kuma ya ƙirga. Ya samu ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, ya samu 6,022 rawaya da 2,001 kore. Ka rubuta lambobin nan a allo ka ce kowa ya raba babbar da ƙaramar, za ka ji ajin ya yi tsit sai wani daga baya ya ce Malam kusan uku ne, ɗayan ma kusan uku ne. To ka ga su da kansu suka gano 3 da 1 ɗin, ba kai ka ɗura musu ba, kuma sun ga cewa kusan uku ne ba uku cif ba, wanda zai yi maka amfani sosai nan gaba.

Akwai wani amfanin da ban lura da shi ba sai da na daɗe. Yaranmu suna zuwa aji da nasu ilimin gadon daga gida, an gaya musu jinin uba ya fi ƙarfi, ko wance ta kwaso dangin uwarta saboda nonon da ta sha. Mendel ya juya auren, ya ɗauki garin fure daga dogo ya sa wa gajere, ya sake ɗauka daga gajere ya sa wa dogo, sakamakon bai canza ba. Babu gardamar da za ka yi da su, tsiro ne, ba uban kowa ba ne. Haka ma kalmar rinjaye, wato siffar da ke ɓoye ɗaya in sun haɗu, suna ɗauka siffa mai rinjaye ita ce mai kyau ko ita ce ta fi yawa a gari, da tsiro gyaran yana da sauƙi. Sannan jarrabawa, kada mu yaudari kanmu, TT da Tt da tt, wato haruffan dogo (T) da gajere (t), da akwatin Punnett da ake jera su a ciki don a ga rabon 'ya'ya, su ne abincin masu fitar da tambaya, kuma haɗin siffa biyu a lokaci guda da ke ba da 9, 3, 3, 1, wanda Mendel ya samu 315 da 108 da 101 da 32, ba ka da inda za ka same shi a tsaftace kamar nan.

Matsalarsa kuma ba ɓoyayya ba ce. Waken da muke cewa ma ba wakenmu ba ne, koren nan ne 'yan ƙwallaye da ake watsawa a shinkafar biki, tsiron sanyi ne, yawancin yaran ajina ba su taɓa ganin ganyensa ba balle furensa. Kana bayanin dogo da gajere suna hamma. Na taɓa cewa bari in mayar da shi gida in shuka farin wake da ja a bayan aji mu haɗa da kanmu tunda shi ma wakenmu kansa yake yi wa barbara kamar na Mendel, ashe na ɗebo ruwan dafa kaina, sai ka buɗe fure da yamma ka cire sassan namiji ka dawo da sassafe ka sa garin, kowace shuka tana cin wata biyu zuwa uku, kana buƙatar shuka biyu aƙalla kuma zangon karatu sati 13 ne, ga launin ɓawon ƙwayar daga jikin uwa yake zuwa saboda haka sai an ƙara jiran wata shukar kafin a ga rabon. Duk wannan ma bai zo ba awakin unguwa suka raba gardama. Wannan aikin cibiyoyin binciken noma ne, su IITA da ke da tasha a nan Kano da IAR ta Samaru, su ke da fili da shinge da shekaru. Ƙudan ayaban nan da masanin gado Morgan ya yi aiki da shi a 1910 yana hayayyafa cikin kwana goma, amma ina za ka samo mai fararen idon, kuma zafin Afrilu a ɗakin gwajin da babu wuta zai gama da su kafin sati.

Babban raunin Mendel dai a wajena shi ne ba ya kai ka ko'ina. Ka gama 3 da 1, ka rufe, sai ka buɗe sabon babi ka ce yau za mu yi Lamarck da Darwin, masanan sauyin halittu, babu wata igiya tsakaninsu.

Sikila kuwa ranar da ka rubuta AS da AS a allo, wato iyaye biyu masu ɗauke da S na sikila guda ɗaya tare da A mai lafiya, ba ka buƙatar cewa a yi shiru. Kowa yana da ƙani ko maƙwabciya ko ɗan ajinsu na firamare mai ciwon, kowa ya ji labarin auren da aka fasa ana saura sati biyu, kuma tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da jinotayif da HIV da ciwon hanta, 'yan matan SS3 sun san takardar nan tana jiransu, wasunsu ma an riga an kawo kuɗin gaisuwa. Ba darasin cin jarrabawa ba ne a wajensu. Kuma labarin yana saukowa har ƙasa, harafi ɗaya ne ya canza a kan kuromozom na 11, GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida a sarƙar beta ta himogulobin ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20, daga nan ciwon ƙashin da ƙarancin jinin da rawayan idon suke. Daga DNA har zuwa gadon asibiti a layi ɗaya, waken Mendel ba zai ba ɗan sakandare wannan ba.

Ga lissafin da na fi jin daɗinsa. A Najeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Sai in ce to idan ana aure ba gwaji, cikin aure nawa za a samu miji da mata duka AS? Ɗaya cikin 16. A cikin 'ya'yansu kashi nawa SS, wato masu ciwon? Ɗaya cikin huɗu. Ka haɗa, ɗaya cikin 64, wato bai kai biyu cikin ɗari ba da kaɗan, kuma abin da ake samu a jariran ƙasar nan kenan, wajen 2 cikin 100, shi ya sa ake maganar jarirai 150,000 a shekara. Yaro ya yi lissafi a bayan littafinsa ya fito da adadin ƙasa guda. Lissafin masana Hardy da Weinberg na 1908 kenan ya yi ba tare da ya ji sunansu ba.

Daga nan tambayar take zuwa da ƙafarta, kuma kullum sai an samu mai yinta, Malam to in dai masu SS da yawa ba sa kaiwa aure a da, me ya sa S ɗin bai ƙare ba? Ranar da aka yi maka wannan tambayar ka shiga babin sauyin halittu ba tare da ka ambaci sunansa ba. Amsar maleriya ce. Wani masani mai suna Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunar maleriya, kuma S ya fi yawa inda sauro ya fi yawa, a kan tsaunuka masu sanyi kuwa ya yi ƙaranci. Amma ni ba na zuwa Kenya, Garki nake kai su, ta Jigawa, wadda lokacin tana cikin Jihar Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki daga 1969 zuwa 1976, an gwada jinin dubban mutane, aka ga a jarirai AS wajen 24 ne cikin 100 amma a manya ya hau wajen 29, SS kuwa wajen 2 cikin 100 a jarirai, a manya da kyar ka samu ɗaya. Ka rubuta wannan ka tambaye su, mutum yana canza jinotayif ne in ya girma? A'a. To ya aka yi AS suka ƙaru? Sai an ɗan jima wata ta ce a hankali, Malam AA ɗin ne suka fi mutuwa suna yara. Shikenan. Abin da Darwin ya cika littafi da shi a 1859 ta faɗe shi a jimla ɗaya, kuma a kan mutanen da kakanninta za su iya sani.

Wannan yana da muhimmanci a Kano fiye da yadda littattafan suka sani. Ka shigo aji ka rubuta ibolushon a allo, kafin ka juyo an ce Malam wai daga biri muka fito? Daga nan an rufe kunne, rabin ajin na ganin imaninsu kake nema. Ni Musulmi ne kamarsu kuma ba fatawa aka ɗauke ni in bayar ba, abin da manhaja ta ce in koyar shi ne abin da masana kimiyyar suka faɗa da hujjar da suka kafa, ko Darwin ɗin ma bai ce birin Gidan Zu ne kakan kowa ba. Amma in ka biyo ta Garki, ka ƙara da kulorokwin da iyayensu suka sha ya yi musu aiki har ya daina aka koma haɗin maganin ACT a 2005, ka ƙara da sauron da ake fesa wa magani yana tashi abinsa, to sun riga sun ga zaɓin da muhalli ke yi da idonsu kafin a zo wajen da ake taƙaddama, kuma ko da sun ƙi wancan ɓangaren sun fahimci yadda abin ke aiki, za su iya amsa tambaya. Lamarck da wuyan raƙumin dawansa kuwa, wanda ya ce abin da jiki ya samu a rayuwa 'ya'ya na gadonsa, minti biyar ya ishe shi, ka tambaye su ko ɗan mai bille ana haifarsa da bille.

Ikolojin ma da ya ɓace tun SS1 sai ya dawo. Me ya sa maleriya ke tashi daga Agusta zuwa Oktoba, ina sauron ke ƙyanƙyasa, me ke cin tsutsarsa. Yawancinsu za su ce kwata, sai ka gaya musu sauron baƙar kwata mai wari galibi Kyuleks ne, mai hana barci, shi Anofilis mai kawo maleriya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, sawun taya, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gefen kududdufi, fadamun shinkafa irin na Kadawa. Ruwan sama, sauro, ƙwayar cutar, jinin mutum, auren mutum, duk a zare ɗaya.

To in haka ne me ya hana a fara da shi kawai? Na yi shekara uku ina farawa da shi, kuma ga abin da na gani. Na farko yana rikita rinjaye. In ka duba lafiyar mai AS sai ka ce A ya rinjayi S, in ka duba takardar gwaji kuma duka biyun sun fito kowanne da layinsa, babu wanda ya ɓoye wani, ga AC da SC, masu wani nau'in himogulobin da ake kira C, da wani zai ɗago maka tun ranar farko saboda yayarsa haka aka rubuta mata. Yaron da bai riƙe cikakken rinjaye ba tukuna, ka ba shi wannan, a jarrabawa zai rubuta maka Tt matsakaicin tsayi ne. Na yi makin irin wannan har na gaji. Na biyu, gida ba lambun Mendel ba ne. Kana cewa ɗaya cikin huɗu wani zai ce Malam maƙwabtanmu AS da AS ne 'ya'yansu bakwai babu mai sikila ko ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, hakan na faruwa a wajen gida 13 cikin 100 masu 'ya'ya bakwai, wata kuma ta ce su uku ne a gidan yayarta duka SS. Wanda ya riga ya raba 5,474 da 1,850 zai gane cewa rabon sai a taro mai yawa yake fitowa, wanda bai yi ba zai tafi da ɗayan biyu, ko malam ƙarya yake, ko kuma in an haifi mai sikila ɗaya to ukun da ke biye lafiya lau, kuma wannan na biyun ya sa mutane kuka a garin nan.

Na uku shi ne wanda ya sa na canza. Wata shekara saboda zumuɗi na ba da aikin gida, kowa ya tambayo jinotayif ɗin iyayensa ya zana akwatin gidansu. Wani yaro mai sikila, kowa ya san yana da shi don yana yawan kwanciya, ya kawo nasa, uwa AS uba AA. Na kusa da shi ya leƙa ya yi lissafin da ni na koya masa, kafin tashi magana ta zaga ajin. Washegari mahaifin ya zo makaranta, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ashe shi bai taɓa yin gwajin ba ma, da yaron ya tambaye shi cewa kawai ya yi AA tunda shi lafiyarsa ƙalau, da aka je aka yi AS ne. An wanke yaron amma abin da aka faɗa an riga an faɗa, magana zarar bunu ce. Ko da ya yi gwajin ma, sakamakon kuskure ba baƙon abu ba ne. Tun daga ranar ba na tambayar jinotayif ko rukunin jinin kowa a aji, ba na cewa masu AS su ɗaga hannu, ba na faɗin kalmar mutuwa sakaka, kuma ina faɗa da babbar murya cewa masu sikila yanzu suna girma suna karatu suna aure in an kula da su, Garkin 1970 ba yau ba ce. Haka kuma sai ka maimaita cewa AS ba rigakafi ba ne, yana kamuwa da maleriya, tsananinta ne ke raguwa, in ba haka ba wani zai je gida ya yaye gidan sauro.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi zan ce wa Malama, Mendel a gaba amma a gajarce, sati biyu ba ƙari, lambobinsa da akwatin da haɗin siffa biyu, a yi ta atisaye har hannu ya faɗa. Firiyod ɗaya a ciki na wasan jaka ne, kowane mutum biyu su samu leda baƙa biyu, kowace da farin wake goma da ja goma, a zaro ɗaya daga kowace ba dubawa a rubuta a mayar, sau 20. Kowane benci zai samu nasa rabon a karkace, wani ja da ja sau biyu wani sau tara, amma in aka tara na ajin mutum 80 a allo an yi zara 800, sai ka ga ya matso ɗaya, biyu, ɗaya. Rabin kwanon wake ya isa, kuma a ƙirga shi kafin a tashi don yana da ƙafa. Sati na uku sai in sake kawo ledojin in ce farin A ne jan S ne, kowace zara haihuwa ce, kuma waken da ka mayar bai san abin da ya fito a baya ba. Daga nan sikila ya karɓi ragamar har ƙarshen sauyin halittu.

Inda zan juya tsarin shi ne in ɗaliban manya ne, 'yan NCE ko 'yan ajin farko na jami'a ko makarantar koyon aikin lafiya, waɗanda sun riga sun ci 3 da 1 a sakandare sun gundura da shi, su ka buɗe musu da lambobin Garki kai tsaye ka bar su su yi ta dambe da su. Haka in an ba ka aji a makare saura sati uku jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya, ka tsaya a kan Mendel da tambayoyin baya, ka ware firiyod ɗaya tak na AS da AS don kada su fita sakandare ba su ji ba.

Abu ɗaya da ba ya jira shi ne sauron. Darasin gado na iya kaiwa Nuwamba ko bayan haka, lokacin ruwan da ya kwanta ya ƙafe, don haka tun satin farko na komawa a Satumba nake tura su da kwalba biyu, ɗaya a ɗebo daga kwata ɗaya daga ruwan saman da ya kwanta a fili, a rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro a ɗaure da roba. Tsutsar Anofilis kwanciya take yi a miƙe a saman ruwa, ta Kyuleks kuwa ratayewa take kai a ƙasa, da ido ake gani ba sai da madubi ba. Su zana, su rubuta inda aka ɗebo da ranar, a ajiye takardar a tsakiyar littafi sai ranar da wani ya tambayi me ya sa S bai ƙare ba. Kwalaben dai a juye su a kan busasshiyar ƙasa kafin kwana biyar, shekarar da na manta da su a kan taga har ƙarshen sati mai gadi bai gaishe ni ba sai da aka yi hutu.